Me ake nufi da tura fim wajen wankin hoton baƙi da fari?

Duk wanda ya fara wanke fim ɗinsa da kansa a gida, ba zai daɗe ba zai ji ana cewa wane ya yi push ɗin fim ɗinsa zuwa 1600, ko a ce fim kaza yana ɗaukar push sosai. Ni dai na fi son in ce tura fim, don ma'anar kenan, kuma da yawan masu farawa suna zaton wai wata dabara ce da ke ƙara wa fim ƙarfin ganin haske. Ba haka ba ne fa.

Kowane fim yana da lambar ISO a jikin kwalinsa, wato gwargwadon hasken da yake buƙata, kuma idan lambar ta fi girma hasken da ake buƙata ya fi ƙaranci. Kamar Ilford HP5 Plus ko Kodak Tri-X, dukkansu 400 ne. To ka shiga wurin da haske ya yi ƙaranci, bayan magariba a bakin titi wajen mai shayi ko cikin ɗaki da ƙwan lantarki ɗaya, kyamara ta ce maka sai ka bar shota, wato ƙofar da ke buɗewa haske ya shiga, a buɗe tsawon lokacin da hannunka zai girgiza hoton ya lalace, kai kuma ba ka son filas, sai ka juya lambar da ke kan kyamarar ka sa ta 800 ko 1600 alhali fim ɗin da ke ciki 400 ne. Kyamara za ta yarda da kai, ta ba fim ɗin haske kaɗan. A 800 rabin abin da yake buƙata ya samu, wannan taki ɗaya kenan, a 1600 kashi ɗaya cikin huɗu, taki biyu. Rabin farko na aikin kenan.

Rabi na biyu sai an dawo gida wajen wanki. Tunda ka rage masa haske, sai ka bar shi ya daɗe a cikin sinadarin farko mai fito da hoton. Ga alƙaluman da Ilford da kansu suka bayar na HP5 Plus a cikin sinadarin fito da hoto mai suna ID-11 wanda ba a sirka da ruwa ba, a zafin digiri 20 na ma'aunin Celsius: minti 7 da rabi idan a 400 ka ɗauka, minti 10 da rabi a 800, minti 14 a 1600. Sauran matakan, ruwan tsayar da aikin sinadarin farko da fiksa mai zaunar da hoton da ɗauraya, babu abin da ya canza a cikinsu.

Nan ne nake son a tsaya a gane abin da kyau. Ƙarin lokacin nan yana aiki ne a wuraren da haske ya riga ya taɓa fim ɗin. Inda haske ya sauka da yawa ko madaidaici, azurfar da ke jikin negetif, wato fim ɗin da hoton ke fitowa a kansa baƙi a wurin fari, za ta ci gaba da taruwa tana ƙara kauri, amma inda hasken bai kai ba kwata-kwata, cikin inuwa mai duhu, ko awa guda ka bar shi a tankin wankin fim babu abin da zai fito don tun asali ba a rubuta komai a wurin ba. Shi ya sa hoton da aka tura yake fitowa da baƙi ƙirin da fari tas, tsaka-tsakin ya ragu, ƙwayoyin fim ɗin kuma su fito ɓaro-ɓaro kamar an watsa rairayi. Wallahi ni ina son wannan kamannin, fuska ta fito cikin haske sauran duk duhu ya haɗiye, amma mutum ya san cewa inuwarsa ce ya bayar ya samu saurin shota.

Har finafinan da aka rubuta wa 3200 ma haka abin yake, Delta 3200 ainihin ƙarfinsa wajen 1000 ne, harafin P ɗin da ke jikin T-Max P3200 na Kodak kuwa push yake nufi.

Abin da ya fi ba mu wahala a nan shi ne zafi. Duk lokutan da ke kan takarda an lissafa su ne da ruwa mai ma'auni 20, mu kuwa a watan Afrilu ruwan tankin da ya wuni a rana ya wuce 30 cikin sauƙi, kuma sinadari mai ɗumi ya fi saurin aiki, to ka haɗa ɗumi da ƙarin mintoci ka ga negetif ya yi kauri har farin wurare sun toshe. Ka sayi ma'aunin zafi tun kafin ka sayi fim na biyu, ka sa kwalaben sinadaran cikin roba da ruwan ƙanƙara har su sauko 20, tankin wankin fim ɗin ma ka riƙa mayar da shi cikin robar tsakanin juyi da juyi tunda minti 14 ba kaɗan ba ne. Juyin kuma, wato kifa tankin ka mayar da shi daidai don sinadarin ya zaga, a hankali, sau huɗu cikin daƙiƙa 10 na farkon kowane minti ya isa, girgiza da ƙarfi sai dai ta ƙara tsananin baƙi da farin.

Naɗin fim guda wanki guda ake masa, don haka ba za ka ɗauki rabi a 400 rabi a 1600 ba. Da ka ciro shi ka rubuta lambar a jikin gwangwanin fim ɗin da alƙalamin maka, don bayan sati biyu ba za ka tuna ba. Ƙananan kyamarori masu sarrafa kansu kuma da yawansu suna karanta lambar ne daga wani zane da ke jikin gwangwanin da ake kira alamar DX, ba sa bari ka canza, ka duba taka tukuna.

Ga mai farawa shawarata ya wanke naɗi biyu ko uku a 400 ɗin su har hannunsa ya saba da ɗora fim a kan faifan da ake sawa a tanki cikin jakar duhu mai hana haske shiga, sannan ya gwada 800. Idan ya kai ga son 1600 ko 3200 akai-akai, a cikin sinadaran fito da hoto Microphen ko DD-X sun fi Rodinal riƙe ɗan abin da ke cikin inuwa, ƙwayoyin ma ba sa yin girma kamar nasa.