Kasuwar Magungunan Antibodi

Magungunan antibodi rukuni ne na magungunan allura da ake samarwa daga irin furotin ɗin da garkuwar jiki ke ƙerawa don kama baƙon abu a cikin jini. Kowane antibodi abu guda ya sani. Yana liƙe wa wani gurbi a jikin ƙwayar cuta, ko dafi, ko ƙwayar ciwon daji (kansa), ko kuwa wani sinadari na jikin mutum da aikinsa ya wuce gona da iri. Galibin kuɗin wannan kasuwa yana wurin nau'in da ake kira monokulonal, wanda ake samowa daga zuriyar ƙwayar halitta guda, ta yadda duk abin da ke cikin kwalba iri ɗaya ne. Sunayen da yawa daga cikinsu suna ƙarewa da "mab".

A 2013 cinikinsu a duniya ya kusa dala biliyan 75, a farkon shekarun 2020 kuma ya haura dala biliyan 200 a shekara. Abu biyu ke juya wannan ciniki: wa'adin haƙƙin mallakar ƙirƙira, da aljihun gwamnatoci da kamfanonin inshora na ƙasashe masu arziki. Yawan marasa lafiya yana biye ne a baya.

Asali

Tun a 1890 Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo suka nuna cewa ruwan jinin dabbar da ta yi yaƙi da dafin mashaƙo ko tetanus yana kare wata dabbar. Daga nan aka samo maganin mashaƙo na jinin doki, da kuma maganin saran maciji. A 1975 Georges Köhler da César Milstein, a wani ɗakin bincike na Kambirij a Ingila, suka haɗa ƙwayar garkuwar ɓera da ƙwayar ciwon kansa, aka sami ƙwayar da ba ta daina hayayyafa, mai fitar da antibodi iri guda. Sun sami kyautar Nobel a 1984. Ba a yi wa dabarar rajistar mallaka a Birtaniya ba, abin da aka daɗe ana cizon yatsa a kansa.

Na farko da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi shi ne OKT3, a 1986, don hana jiki ƙin karɓar ƙodar da aka dasa. Furotin ɗin ɓera ne tsantsa, shi ya sa jikin ɗan Adam ke ɗaukarsa baƙo ya yaƙe shi. Sai da Greg Winter da wasu suka gano yadda ake mayar da galibin ginin antibodi na ɗan Adam kafin kasuwa ta buɗe. Rituximab ya fito a 1997, trastuzumab na kansar mama da infliximab suka biyo a 1998. A 2021 adadin waɗanda FDA ta amince da su ya cika 100.

Humira da katangar haƙƙin mallaka

Wanda yake son fahimtar wannan kasuwa, labarin Humira ya ishe shi rabin karatu. Maganin amosanin gaɓɓai ne da kumburin hanji da wasu cututtukan fata, an amince da shi a ƙarshen 2002. Kamfanin Abbott ya same shi ne cikin kayan da ya saya a hannun BASF na Jamus, daga baya ya koma hannun AbbVie da aka ɓalle daga Abbott a 2013. Shekara da shekaru yana kan gaba a cinikin magunguna a duniya, har ya kai kusan dala biliyan 21 a 2022 kaɗai. Jimillar abin da ya kawo ta haura dala biliyan 200.

Haƙƙin mallaka na asali ya ƙare a Amurka a 2016, amma kamfanin ya riga ya kewaye maganin da wasu rajistoci sama da 100, a kan yadda ake haɗa shi, da yadda ake sarrafa shi, da ma'aunin da ake bayarwa. Masu son yin irinsa suka ga shari'a za ta cinye su, suka yi sulhu a kan su jira. Sakamakon haka, a Turai kishiyoyi suka shigo a watan Oktoba na 2018, farashi ya faɗi, a wasu ƙasashen arewacin Turai ragin ya kai kashi 80 cikin 100. A Amurka kuwa Humira ya ci gaba da cin karensa babu babbaka har watan Janairu na 2023.

Ko bayan shigowar kishiyoyin, ba nan take ya sauka ba, domin dillalan da ke tsara jerin magungunan inshora suna karɓar ragi mai tsoka daga AbbVie. Sai a watan Afrilu na 2024, da CVS Caremark, ɗaya daga cikin manyan dillalan, ya cire shi daga manyan jerinsa, aka ga canji na gaske. Cinikin ya sauko zuwa dala biliyan 14.4 a 2023, sannan kusan biliyan 9 a 2024. Kafin nan kamfanin ya riga ya karkatar da likitoci zuwa sabon antibodinsa, Skyrizi, wanda ya haura dala biliyan 11 a 2024. Wannan salo na shirya magaji tun kafin tsohon ya faɗi ya zama darasin da kowane babban kamfani ke bi.

Sarrafawa da farashi

Ba a haɗa antibodi da sinadarai kamar yadda ake haɗa asfirin. Nauyin ƙwayarsa ya ninka na asfirin sau 800 da wani abu, kuma sai rayayyar ƙwayar halitta ce ke iya gina shi. Galibi ana amfani da ƙwayoyin da aka samo daga ƙwan wani nau'in ɓeran Sin, a yi kiwonsu na kusan mako biyu a tankunan ƙarfe masu cin lita 15,000 ko fiye, sannan a tace. Dole a ajiye maganin a sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har gadon asibiti. Gina irin wannan masana'anta yana cin ɗaruruwan miliyoyin dala da shekaru, shi ya sa kamfanonin ƙwadago, masu sarrafa wa wasu kamfanoni magani, suka bunƙasa: Samsung Biologics a Incheon ta Koriya ta Kudu, Lonza na Suwizalan, WuXi Biologics na Sin.

Duk da haka, kuɗin sarrafawa ba shi ke bayyana farashi ba. Kiyasin da aka saba ji a masana'antar shi ne dala 100 zuwa 200 a kan giram ɗaya. Allurar Keytruda guda, maganin ciwon kansa, miligiram 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na giram, farashinta na takarda a Amurka ya haura dala 10,000, kuma duk mako uku ake maimaita ta. Kamfanoni suna cewa tazarar ce ke biyan kuɗin bincike da na magungunan da suka faɗi a gwaji. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta bayyana dalilin da ya sa magani guda ke da farashi mabambanta ƙwarai tsakanin Amurka da Turai ba.

Bayosimila

Idan wa'adin mallaka ya ƙare, wasu kamfanoni kan fito da nasu, wanda ake kira bayosimila. Ba jabu ba ne, hukumomi na tantance shi sosai. Amma ba ya zama kwafi sak, kamar yadda mata biyu za su kafa kindirmo da madara iri ɗaya, a sami ɗan bambanci ko da duka biyun sun yi kyau. Dole mai yinsa ya nuna cewa bambancin bai taɓa inganci ba, wannan kuwa yana cin kuɗi, don haka farashinsa ba ya faɗuwa warwas kamar na ƙwayoyin sha.

Kamfanin Celltrion na Koriya ta Kudu ne ya buɗe wannan ƙofa da Remsima, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2013. Biocon na Indiya tare da Mylan suka sami amincewar FDA a kan trastuzumab ɗinsu a 2017. A watan Disamba na 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance bayosimila na farko, trastuzumab na Samsung Bioepis, tana mai cewa na asali yana cin kimanin dala 20,000 a shekara, bayosimila kuwa sun fi shi araha da kusan kashi 65 cikin 100.

Keytruda da shekarar 2028

Wanda ya gaji kujerar Humira shi ne Keytruda na kamfanin Merck, maganin da ke cire takunkumin da ciwon kansa ke sa wa garkuwar jiki. Ya shigo hannun Merck ne a tsakiyar kayan Schering-Plough a 2009, ba tare da an ɗauke shi da muhimmanci ba, aka amince da shi a 2014. Cinikinsa ya kai dala biliyan 25 a 2023, da biliyan 29.5 a 2024, kusan rabin kuɗin shigar kamfanin. Babban haƙƙin mallakarsa a Amurka zai ƙare a 2028, a daidai lokacin da na kishiyarsa Opdivo shi ma ke ƙarewa. Ɗaya daga cikin dabarun Merck shi ne sabon samfurin da ake yi a ƙarƙashin fata cikin 'yan mintuna maimakon ƙarin ruwa ta jijiya, wanda FDA ta amince da shi a 2025. Sauƙi ne ga majinyaci, kuma sabuwar katanga ce ga kamfani.

Inda kuɗi ke nufa

Fanni mafi zafi shi ne antibodi mai ɗauke da guba. Ana ɗaure masa maganin kashe ƙwayar ciwon kansa, ya kai shi har inda ciwon yake. Dabarar ta tsufa, tun Mylotarg na 2000, amma Enhertu na Daiichi Sankyo da AstraZeneca, wanda ya fito a ƙarshen 2019, shi ya farfaɗo da ita. Gilead ya sayi Immunomedics a kan dala biliyan 21 a 2020, Pfizer ya sayi Seagen a kan biliyan 43 a 2023, AbbVie kuma ya biya kusan biliyan 10 don ImmunoGen.

Na biyu shi ne antibodi mai hannu biyu, wanda ke kama gurbi biyu a lokaci guda, kamar Hemlibra na cutar rashin daskarewar jini da Vabysmo na ido. A nan ne Sin ta ba da mamaki. A 2024 ivonescimab na kamfanin Akeso ya fi Keytruda jinkirta ci gaban wata kansar huhu a gwajin da aka yi a Sin. Tun daga nan manyan kamfanonin Yamma suka yi layi: a 2025 Pfizer ya biya 3SBio dala biliyan 1.25 kuɗin kafin alƙalami a kan makamancinsa. Ƙasar da aka sani da aikin ƙwadago da kwaikwayo ta koma mai sayar da ƙirƙira.

Ban da ciwon kansa ma akwai riba. Dupixent na Sanofi da Regeneron, maganin asma da ƙaiƙayin fata mai tsanani, ya kai kusan yuro biliyan 13 a 2024. Beyfortus, allurar da ke kare jarirai daga ƙwayar cutar numfashi ta RSV, ya haura yuro biliyan ɗaya da rabi a shekarar.

Ba kowane jari ke dawowa ba. Aduhelm na cutar mantuwa ta Alzheimer ya fito a 2021 da farashin dala 56,000 a shekara, masu inshora suka ƙi biya saboda raunin hujja, aka daina shi a 2024. Magungunan antibodi na korona sun kawo biliyoyi a 2021, da nau'in Omikron ya bayyana galibinsu suka daina aiki.

Kamfanonin kiyasi sukan yi hasashen ƙaruwar kusan kashi 10 cikin 100 a shekara. A riƙe wannan da hannu sako-sako, domin kowannensu da abin da yake lissafawa a matsayin antibodi. Abin da ya tabbata shi ne matsin farashi. Dokar Amurka ta 2022 ta ba Medicare, shirin inshorar lafiyar tsofaffi na gwamnati, ikon yin ciniki da kamfanoni, kuma Stelara na Johnson & Johnson, da ke cikin magunguna goman farko da aka yi cinikinsu, an rage masa kashi 66 cikin 100 daga 2026. Sai dai dokar ta ba irin waɗannan magunguna shekara 13 kafin ragin ya hau kansu, ƙwayoyin sha kuwa shekara 9, bambancin da ke ƙara jan masu jari zuwa ɓangaren antibodi.

Afirka

Wani rahoto da ƙungiyar binciken rigakafi ta IAVI da gidauniyar Wellcome suka fitar a 2020 ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na cinikin yana Amurka da Kanada da Turai. Trastuzumab da rituximab suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015, amma shiga jeri daban, isa ga majinyaciyar da ke biya daga aljihunta daban. Ga kuma matsalar wutar lantarki da firiji, da gwajin da ake buƙata kafin a san ko maganin ya dace da ita.

Ebanga, ɗaya daga cikin magungunan Ebola biyu da FDA ta amince da su a 2020, an samo shi ne daga jinin wani da ya tsira daga annobar Kikwit ta 1995 a Kwango, da haɗin gwiwar masanin ƙwayoyin cuta ɗan ƙasar, Farfesa Jean-Jacques Muyembe. Adakveo na Novartis ya ɗaga burin masu sikila a 2019, sai Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2023 bayan babban gwaji bai nuna yana rage tashin ciwon ba.

Antibodin da manomin arewacin Najeriya ya fi buƙata tsohon yayi ne, maganin saran maciji. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya dogara da EchiTAb, wanda ake yi da dafin kububuwar Najeriya, amma a Wales ta Birtaniya da Kosta Rika ake sarrafa shi. Sanofi Pasteur ya daina yin Fav-Afrique a 2014 saboda ba ya kawo riba, na ƙarshensa ya lalace a 2016.

Gwajin da ya fi shafar yankin Sahel an yi shi a Mali. A 2022 aka sanar cewa antibodi mai suna CIS43LS, ƙarin ruwa sau ɗaya, ya kare manya daga kamuwa da zazzaɓin cizon sauro da kashi 88 cikin 100 tsawon wata shida na damina da kaka. Magajinsa L9LS, da ake yi a ƙarƙashin fata, ya rage zazzaɓin ga yara 'yan shekara 6 zuwa 10 da kashi 77 cikin 100. Allura ɗaya a farkon damina za ta iya tsayawa a madadin ƙwayoyin da ake raba wa yara wata-wata a Najeriya da Nijar, idan farashi ya yarda. Gidauniyar Gates ta sa wa masu bincike burin sauko da kuɗin sarrafawa zuwa dala 10 a kan giram ɗaya.