Dalar Giza: Amsar Tambayoyin Da Na Gaji Da Amsawa

Da zarar wani bidiyo kan dalar Giza, wato ƙaton ginin dutsen nan mai tsini na Fir'aunonin Masar, ya zagaya WhatsApp sai a turo mini, wai Malam ka duba mana. Ga amsoshin, kowa ya adana.

Da gaske ne babbar dala tana tsakiyar duniya?

A'a. Wani masanin taurari, Charles Piazzi Smyth, shi ya yayata wannan a littafinsa na 1864, har yau ana ta nanatawa. Duniya dunƙulalliya ce, kamar lemo. Ka nuna mini tsakiyar ɓawon lemo.

Tana can cikin sahara, nesa da mutane?

Dabarar masu hoto ce, suna juya wa gari baya. Gidajen Giza sun matso har bakin wurin, akwai ma Pizza Hut da ke kallon gunkin nan mai kan mutum da jikin zaki.

Napoleon ne ya harbe hancin gunkin?

Napoleon, jagoran sojojin Faransa, ya zo Masar a 1798. Zanen da wani matafiyi, Frederic Norden, ya yi wajen 1737 ya nuna gunkin ba hanci. Ku yi lissafin.

Ina so in gwada da wayata ko da gaske tana fuskantar arewa daidai, kuma lambar wurinta ita ce gudun haske. Ta yaya?

Madalla, wannan ce tambayar mai hankali, amma a yi a sannu. Batun arewa gaskiya ne: masu awo, tun daga masanin kayan tarihi Flinders Petrie a 1880, sun tarar kaucewar gefunanta ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin 15 na digiri ba. Sai dai wayarka ba lallai ta iya tabbatar maka ba. Kamfas na bin arewar maganaɗisu, wadda a Alkahira ta kauce wa arewa ta haƙiƙa da digiri 4 zuwa 5, kuma ƙarfen da ke kusa, ko da makullin mota a aljihu, na iya ruɗa shi. Ga shi an kwashe fararen duwatsun da suka lulluɓe dalar tun ƙarnoni, gefen ya zama cako-cako, ba ka da miƙaƙƙen layin da za ka ɗora wayar. Taswirar intanet ta fi, amma ita ma za ta ce maka "kusan daidai" ne kawai. Kada ka damu in ka ga saɓani, ba kai ka yi kuskure ba.

Gudun haske kuwa mita 299,792,458 ne a daƙiƙa, dalar kuma tana kan digiri 29.979 arewa. In ka danna taswira za ka ga lambar, ban musa ba. To amma faɗin gindinta mita 230 ne, matsa yatsa kaɗan lambar ta sauya, sai ka zaɓi inda ya yi maka daɗi. Layin digiri 29.979 ɗin kuma ya zagaye duniya, ya ratsa birnin New Orleans a Amurka, ba wanda ya ce gidajensu na da asiri. Mita ma Faransawa suka ƙirƙiro ta bayan 1790. Maginan Fir'auna Khufu, wanda aka gina wa dalar, da kamu suke awo, mai kusan santimita 52: kamu 440 a gindi, 280 a tsayi.

Tana kallon alƙibla?

Daga Alkahira, Makka tana kudu maso gabas. Gefunan dala gabas, yamma, kudu da arewa suke kallo. Don Allah a daina jingina wa addini abin da bai ce ba.

Daga wata duniya aka kawo duwatsun?

Haba! Yawancinsu nan Giza aka fasa, ramukan suna nan. Fararen daga Tura, ƙetaren kogin Nilu. Masu tauri na ɗakin sarki daga Aswan, kimanin kilomita 800 a kudu. A 2013 an gano takardun wani shugaban ma'aikata, Merer, a Wadi al-Jarf da ke bakin Bahar Maliya, yana rubuta yadda suke jigilar dutsen Tura a jirgin ruwa, rana bayan rana.

Masar ce ta fi kowa yawan dala?

Sudan ce. Tana da fiye da 200, ƙanana masu tsini, da yawansu a Meroe. Ku tambayi 'yan'uwanmu na can.