Dokar kare bayanai ba ta hana ajiye hotunan kyamara a rumbun intanet na ƙasar waje ba

Tun da labarin tarar sama da naira miliyan 766 da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ta ci kamfanin Multichoice mai DStv a Yulin 2025, kan keta sirrin mutane da fitar da bayanansu waje, ya bazu, hankalin masu shaguna, asibitoci da makarantun kuɗi ya tashi. Ana ta yaɗa cewa duk wanda kyamarar tsaronsa ke tura hotuna zuwa rumbun Amazon ko Google ya karya doka, kuma tarar miliyan 10 na jiransa. Wasu har sun fara cire kyamarori. Maganar ba haka take ba.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta shafi bayanin da za a iya gane mutum da shi: fuskarsa, sunansa, lambar wayarsa. Na'urar da ke auna zafin ɗakin sanyi ko ruwan tanki ba ta shiga ciki, matuƙar ba a haɗa alƙalumanta da wani mutum ba. Kyamarar cikin gida ma ba ta shiga, sai idan ta keta sirrin wani.

Inda ake ruɗewa shi ne sashe na 41. Sashen ya halatta fitar da bayani waje idan mai karɓa yana ƙarƙashin wata doka ko yarjejeniya da ke ba da isasshiyar kariya, ko kuma mutumin da bayanin ya shafa ya amince. Abin da ke kanka shi ne ka san ƙasar da hotunan suke, ka samu yarjejeniya a rubuce da kamfanin da ke ajiye maka, ka kuma rubuta dalilin da ka dogara da shi. Sharaɗin nan na ajiya a cikin ƙasa da ake ta ambato daga ƙa'idar 2013 ta hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ya fito, kuma bayanan gwamnati da na kamfanonin sadarwa ya fi shafa.

Ni abin da ya fi damuna kyamarorin nan ne masu arha da ake haɗawa da waya. Mai gyara ya zo ya ɗaura, ya sa manhaja, ya danna "na amince" a madadinka, ya bar kalmar sirrin da ta zo daga kamfani. Fuskokin kwastomominka na tafiya wani rumbu da ba ka san mai shi ba. Arha ba ta ado. Idan hotunan suka faɗa hannun da bai dace ba, kai doka ta ɗora wa sanar da hukumar NDPC cikin awa 72.

Ita kuwa tara, miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar bara, duk wanda ya fi yawa, na manyan masu riƙe bayanai ne. Ga sauran, miliyan 2 ne ko kashi 2 ɗin. Wannan kuma ƙololuwa ce, bayan bincike ake yankewa. Amma gaskiya akwai nauyi a kan ƙanana: wanda cinikinsa na shekara miliyan 20 ne, kashi 2 nasa 400,000 ne, ga shi doka ta ba da damar a kai shi miliyan 2, wato kashi 10 na cinikinsa. Babban banki ba zai taɓa biyan irin wannan kaso ba.

A wuri guda dokar na taimakon aljihu. Sashe na 24 ya hana riƙe bayani fiye da lokacin da ake buƙatarsa. Manyan rumbunan nan da dala suke yanka farashi, bisa yawan abin da ka tara, kuma bidiyo ne ke cinye wuri. Ka saita rumbun ya riƙa goge hotuna da kansa bayan wata ɗaya ko biyu, wanda ya shafi sata ko shari'a kaɗai ka mayar ajiyar dogon zango mai rahusa. Kafin ka sa hannu, ka tambayi kuɗin ciro bayani daga can, domin a nan kamfanonin ke fanshe rangwamen da suka yi.