Waiwaye: Yadda likita ya tsinci kansa a kujerar shugabancin asibiti

Duk lokacin da aka tafi yajin aiki a asibitoci, sai tsohuwar muhawarar nan ta dawo a majalisun Bauchi da Gombe: likita ne ya dace ya riƙe asibiti, ko wanda ya karanci harkar gudanarwa? Ana ta musu kamar jiya abin ya faro, alhali ya daɗe.

Farkon labarin sananne ne. Bayan asibitocin Turawa da na mishan, an buɗe asibitin koyarwa na Ibadan a 1957. A wancan tsarin likita na wajen majinyata, kuɗi da ma'aikata kuma suna hannun jami'an gudanarwa.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne dokar soja mai lamba 10 ta 1985. Ita ce ta sake fasalin hukumomin asibitocin koyarwa na tarayya, ta tanadi cewa babban darakta sai likitan da ya yi karatun ƙwarewa kuma ya jima yana aiki. Akwai hikima a ciki, don wanda ya taɓa tsayawa kan mai naƙuda tana zubar da jini ya fi kowa sanin abin da bai kamata ya yanke a asibiti ba. Sai dai kujera ta sauya hannu, horon bai biyo ta ba. Ɗalibi zai shafe shekara 6 yana koyon jikin ɗan Adam, ya ƙara wasu shekarun na ƙwarewa, bai zauna ya koyi kasafin kuɗi ko sasanta rikicin ma'aikata ba. An zaci gogewa za ta cike giɓin. A ganina nan gizo ke saƙar.

Wannan tsari manyan asibitocinmu suka tarar. Cibiyar lafiya ta tarayya da aka kafa a Gombe a 1996 ta zama asibitin koyarwa a 2014, asibitin koyarwa na Bauchi kuwa yana nan tun 2010. Ga dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, ga asusun bai-ɗaya na kuɗaɗen gwamnatin tarayya a 2015, kowanne da nasa ƙa'idojin da shugaban asibiti zai bi.

Sai ka ga likitan tiyata ya fito daga aiki da azahar, bai ko sa wani abu a baki ba, ya tarar da fayil kan tebur: man janareta ya kusa ƙarewa, ɗan kwangila na jiran sa hannu. A asibitocin ƙananan hukumomi abin ya fi tsanani, don matashin da bai daɗe da gama hidimar ƙasa ba kan iya zama shi ne shugaba, shi ne kuma mai duba marasa lafiya. Irin wannan bawan Allah yana buƙatar horo tun kafin a naɗa shi, da gogaggen akanta da jami'in gudanarwa a gefensa, a kuma rage masa kwanan aiki.