Horon bazara na ɗalibai a binciken gaɓar teku

Horon bazara a binciken gaɓar teku tsari ne da jami'o'i da cibiyoyin nazarin teku ke ɗaukar ɗaliban da ba su kammala digirin farko ba, su zauna tare da masana na makonni 8 zuwa 12, galibi daga Yuni zuwa Agusta. Kowane ɗalibi akan haɗa shi da malami mai duba aikinsa, a damƙa masa ƙaramin bincike nasa na kansa. Fagen aikin shi ne ruwan da ke kusa da tudu: mashigar koguna, fadamun ruwan gishiri, da tekun da zurfinsa bai cika wuce mita 200 ba. Tsarin ya fi kafuwa a Amurka, inda akan biya ɗalibi alawus, sau da yawa har da masauki da kuɗin mota.

Asali

A bazarar 1873 masanin halittu Louis Agassiz ya buɗe makaranta a tsibirin Penikese na jihar Massachusetts, ya tara ɗalibai kusan 50, maza da mata, don su duba halittun teku da idonsu maimakon haddar littafi. Agassiz ya rasu a Disambar wannan shekarar, makarantar kuma ba ta wuce bazara ta biyu ba. Sai dai tunanin ya kama. A 1888 aka kafa ɗakin nazarin halittun ruwa na MBL a ƙauyen Woods Hole, ba nisa da tsibirin, a 1930 kuma aka kafa cibiyar nazarin teku ta WHOI a wannan ƙauye.

Abin da ya baza tsarin ko'ina a ƙasar shi ne shirin REU na saka ɗaliban digirin farko cikin bincike, wanda hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, ta fara a 1987. Tana ba cibiya kuɗi ta ɗauki ɗalibai kusan goma a bazara guda, amma sai ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin. Hukumar NOAA mai kula da teku da yanayi ma tana da tallafin karatu na Hollings mai ɗauke da horon makonni goma, haka cibiyar binciken teku ta MBARI da ke Moss Landing ta Kalifoniya, wadda David Packard ya kafa a 1987, tana da nata shirin.

Dalilin zaɓar bazara

Hutun jami'o'i dalili ne, amma ba shi kaɗai ba. A lokacin ne guguwar hunturu ke raguwa har ƙaramin jirgi ya iya fita, kuma a lokacin ne wasu manyan al'amuran gaɓar teku ke kai maƙura. Misali shi ne ƙarancin iskar oksijin a arewacin Tekun Meziko. Kogin Misisipi yana kwaso ragowar takin zamani daga gonaki ya zuba a teku, gansakuka ta samu abinci ta yaɗu, ta mutu ta nutse, ƙwayoyin bakteriya su cinye oksijin ɗin ƙasa wajen ruɓar da ita. Ruwan kogi mai ɗumi ya fi na teku rashin nauyi, sai ya kwanta a sama ya hana na ƙasa samun sabuwar iska. Idan oksijin ya faɗi ƙasa da miligiram 2 a lita, kifi ya gudu, abin da ba ya iya gudu ya mutu. Tun 1985 ake auna faɗin wurin da oksijin ya yi ƙaranci a tsakiyar bazara, aikin da masaniyar teku Nancy Rabalais ta daɗe tana jagoranta, kuma a 2017 ya kai kusan murabba'in kilomita 22,700. Wanda bai fita a watannin nan ba, sai ya jira baɗi.

Aiki a kan ruwa

Ba agogon ofis ke tsara ranar fita ba, cikar teku da janyewarsa ne. A yawancin gaɓoɓin Atlantika teku na cika sau biyu cikin awa 24 da minti 50, don haka lokacin yana matsawa kullum, wata rana a fita da asuba, wata rana da tsakar rana.

Na'urar da kusan kowane ɗalibi ke fara sani ita ce CTD. Ana zura ta da igiyar ƙarfe kamar guga a rijiya, tana auna zafin ruwa, da zurfi, da yadda lantarki ke ratsa ruwan, wanda daga shi ake lissafa gishiri. Ruwan teku yakan ɗauki kusan giram 35 na gishiri a kowane kilo, amma a bakin kogi adadin na iya sauyawa cikin awa guda. Kewaye da na'urar akwai kwalaben Niskin, bututai masu baki biyu a buɗe. Idan an kai zurfin da ake so sai a rufe su, su hauro da ruwan wannan zurfin ba tare da ya gauraya da na sama ba. Da zarar sun hau jirgi, samfurin oksijin ake fara ɗiba, a hankali, domin kumfar iska ɗaya tak cikin kwalba ta isa ta ɓata awon. A nan ɗalibi ke tsugunne, tiyo a hannu, jirgi na tangaɗi, yana barin ruwa ya cika kwalbar ya tumbatsa kafin ya zuba sinadari ya toshe. Wannan hanyar auna oksijin ta masanin sinadarai Winkler ce, tun 1888, kuma har yau da ita ake tantance na'urorin zamani.

Akwai kuma faifan Secchi, farin faifai mai faɗin kusan santimita 30 da aka fara amfani da shi a 1865. A sauke shi har ya ɓace wa ido, a rubuta tsawon igiya, an san tsabtar ruwan ke nan. Masu nazarin laka suna kutsawa fadama da dogayen takalman roba su kafa bututu su zaro ƙasa. Hajijiya da amai kuwa ba sa tambayar maki nawa mutum ya ci a aji.

Aikin da ba a ɗauka hoto

Hotunan shirye-shiryen nan kusan duk na jirgi ne da rigar kariya, alhali kwanakin teku kaɗan ne. Sauran lokacin yana tafiya a wanke kwalabe, tace ruwa, liƙa wa samfuri suna da kwanan wata, da zama gaban kwamfuta ana tsefe alƙaluma da manhajar Python ko R ko MATLAB. Nan ne ainihin horon yake. Kwalbar da ba a rubuta mata wurin da aka ɗebo ta da zurfi ba ta zama ruwan banza, ko da an sha wuya wajen ɗebo ta.

Wasu ɗaliban ma ba sa taka jirgi. A 2009 jami'ar Rutgers ta tura wata na'ura mai nutso da kanta, RU27, daga gaɓar New Jersey zuwa Sifaniya cikin kwana 221, kuma ɗaliban digirin farko na cikin waɗanda suka riƙa ba ta umarni ta tauraron ɗan'adam daga ɗaki. A ƙarshen horo kowa yakan rubuta rahoto ya gabatar da sakamakonsa a gaban malamai. Makonni goma ba su cika isa a warware wata babbar tambaya ba, kuma malamin kirki ba ya alkawarta hakan.

Ƙorafi

Babban abin da ake kuka da shi shi ne wa ke samun shiga. Gurabe kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma inda horon ba na biya ba ne, ɗan talaka da ke buƙatar aikin hutu don kuɗin makaranta ba ya ko nema. Garuruwan bakin teku ma a bazara haya ke tsada. Batun cin zarafi a jirgi da sansanonin da ke nesa da gari ya sa cibiyoyi da dama suka rubuta ƙa'idojin ɗa'a da hanyar kai ƙara.

A Afirka ta Yamma

Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 850, da cibiyar binciken teku ta NIOMR da aka kafa a 1975 a Legas. Ɗalibai kan je irin waɗannan wurare ta shirin SIWES na koyon aiki a wuraren aiki, wanda suke kira IT. A 2015 Brian Arbic na jami'ar Michigan da abokan aikinsa na Ghana suka fara makarantar mako guda kan muhallin gaɓar teku a Accra, mai haɗa lacca da fita fili, a 2022 kuma aka yi ta a Legas. Lokacinta yakan zo daidai da watannin Yuli zuwa Satumba, sa'ad da ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku a gaɓar Ghana ya kawo abincin da ƙananan kifayen da masunta ke kamawa suka dogara da shi.