Faɗuwar tauraro: ta asuba daban, ta la'asar daban

Duk lokacin da bidiyon wani haske ya ratsa sama ya bazu a waya, sai ka ji gidajen rediyo sun ɗauka: "tauraro ya faɗo", wasu ma har su ce "tauraruwa mai wutsiya ta faɗo". Wannan ta biyun ita ta fi damuna, domin tauraruwa mai wutsiya dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura mai zagaya rana, kuma takan yi makonni ana hangenta a sama. Amma babban ruɗanin shi ne yadda ake haɗa abu biyu a kalma ɗaya, alhali ko agogo ya raba su.

Na farko shi ne zaren hasken nan da ke gilmawa da dare ya ɓace kafin ka nuna wa na kusa da kai. Yawanci ɗan tsakuwa ne da bai wuce ƙwayar yashi ba, yana ƙonewa ƙurmus tun yana wajen kilomita 100 a sama. Babu abin da ke isowa ƙasa. Irin wannan ya fi yawa daga tsakar dare zuwa asuba. Na biyu kuwa dutse ne na gaske da ya tsira daga ƙuna, ya iso ƙasa har a ɗauke shi da hannu. Masana suna kiran abu "faɗuwa" ne kawai idan an shaida saukarsa sannan aka samo dutsen. Wanda aka tarar a hamada ko a ƙanƙarar Antatika ba tare da sanin ranar zuwansa ba, wannan tsintuwa ce. A rajistar faɗuwar da aka shaida, lokacin da ya fi yawa shi ne daga azahar zuwa magariba, mafi ƙaranci kuma can cikin dare.

Dalilin yana da daɗin fahimta. Duniya tana gudu a kewayen rana, kimanin kilomita 30 a kowace daƙiƙa. Ɓangaren da asuba ta yi masa shi ne goshinta, na yamma kuma ƙeyarta. Abin da ya tari goshi karo ne gaba da gaba, gudunsa ya haɗu da nata, har yakan kai kilomita 72 a daƙiƙa, sai iska ta cinye shi. Wanda ya biyo ta baya kuwa sai ya kamo ta tukuna, don haka yakan shigo a hankali, abin da bai gaza kilomita 11 a daƙiƙa ba. Wannan sassaucin ne ke ba shi damar isowa da sauran jikinsa. Masanin kimiyya George Wetherill ya yi amfani da wannan rinjaye na yamma a 1968 wajen binciken inda duwatsun suka fito.

Misali, a Silakoga ta jihar Alabama a Amurka, ranar 30 ga Nuwamba 1954, wata mata mai suna Ann Hodges tana barcin rana a kan kujera dutse ya huda rufin ɗaki, ya daki rediyo, ya dawo ya buge ta a ƙugu. Na Mbale a Yuganda, 14 ga Agusta 1992, shi kuma da la'asar ya zubo.

Sai dai ban yarda a jingina komai ga lissafin gudu ba. Kalmar "shaida" tana buƙatar idon mutum, kuma da ƙarfe uku na dare mutane barci suke, da la'asar kuwa suna waje. Rajistar tana auna farkawarmu kamar yadda take auna sama. Dutse ba ya jiran agogo: na Ayende a Meziko ya zubo wajen ƙarfe ɗaya na dare ranar 8 ga Fabrairu 1969, na Chelyabinsk a Rasha kuma da safe ya fashe, ranar 15 ga Fabrairu 2013.