Waiwaye: matan da ke bayan kifin Damagaram

In aka ce kifi a Nijar hankalin mutane kogin Kwara yake tahiya, ko tabkin Cadi, ba wanda ke tuna Damagaram. Amma muna da namu ruwan, tabkin Gidimuni, na Lasuri da ƙananan tabkunan kwarin Korama wajen Matamai da Magarya. Lasuri ma tun 2005 aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na Ramsar, Gidimuni ya bi baya a 2019.

Rabon aikin tsoho ne. Namiji ke shiga ruwa da koma ko ya kafa ƙugiya, sarkin ruwa ke faɗin lokacin su. Daga bakin gaɓa kuwa komi na mace ne, ita ke saye, ta kankare ɓawo, ta fidda hanji, ta soya ƙarfasa ko ta lanƙwasa tarwaɗa ta soke wutsiya da tsinke ta jera bisa waya ta yi banda. Kuma abin da ba a cika faɗi ba, sau da yawa ita ce ke ba masunci bashin kuɗin koma don in ya hito ya fara kawo mata, kenan jarinta na cikin ruwa tun kahin a kama ko guda.

Farin 1973 da na 1984 sun girgiza komi. Tabkin Cadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya janye ya bar garin Ngigmi a tudu, tabkuna da dama nan wajenmu suka ƙafe ko rairayi ya cike su. Bayan nan ne aka dage da zuba irin kifi cikin tabkuna, ma'aikatan gandun daji da ƴan porje suna kawo ƙarfasa da tarwaɗa, manoma da yawa suka koma masunta na rani. To amma lissahin porje kullum wanda ke shiga ruwa yake ƙirgawa, shi ake ba koma da kwale-kwale, mai kaskon suya sai dai ta nemi nata ta hanyar adashi, ko asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta faro a jihar Maradi a 1991 ya bazu har nan. Ni a ganina asusun nan ya hi porje goma yi musu amfani, don kuɗinsu ne ba mai zuwa ya ce wa'adi ya ƙare.

Sai 2015, Boko Haram ta kai hari Difa da Boso, aka sa dokar ta-ɓaci aka hana su da fataucin kifin tabkin Cadi, sai 2019 aka sassauta. Matan da ke sarin bandar gabas su kasa a kasuwar Dole sun ji a jikinsu. A 2019 ɗin dai Najeriya ta rufe iyaka, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 2023.

Matsalar yau da kullum ta hi waɗannan ci. Kifi ba ya jira, a zahin watan Afirilu wanda aka kama da asuba kahin azahar ya fara wari in ba ƙanƙara, ga kuran, wato lantarki, da ba ya tsayawa balle a yi zancen firigo a ƙauye. Itace ya yi tsada, man gyaɗa haka, hayaƙin banda na cin ido da ƙirji, ciyawar kacalla kuma na ta cinye bakin tabkuna kamun na raguwa.

Wadda ke cikin kulle ba ta zuwa gaɓa ta yi ciniki da kanta, sai ta aiki yaro, dillali ya yanke farashin da ya ga dama. In ta soya kuma ɗiyarta ce ke ɗaukar tire ta zagaya tasha har bayan isha'i, gobe da sahe ta tahi lakwal tana gyangyaɗi, in ma ta tahi.